Turmin Hajiya a Reshen Mangwaro

Abubuwa da yawa sun faru da ni waɗanda yanzu ko an tuna mini sai na yi ta lalube, amma yammacin Asabar ɗin da na rataye turmin matata a reshen mangwaro, wannan kam ba na jin tsufa zai iya ƙwace mini shi. Ko na so mantawa ma goshina ba zai bari ba, domin duk sanda na tsaya gaban madubi zan gyara hula sai na ga ɗan tabon da ranar ta bar mini.

Ni ɗan kasuwa ne, shadda da atamfa nake sayarwa a kasuwar Kwari tun ina saurayi. Ban yi nisa a boko ba. Ina tsakiyar sakandare mahaifina ya ce in zo kanti, kuma gaskiya ban yi kuka ba, don a lokacin ni da malamin lissafi ba ma ga maciji. Allah ya buɗa mini, na sayi wani tsohon gida a Nassarawa GRA, irin ginin Turawan da, mai faɗin fili da manyan bishiyoyi. Na haura hamsin aka yi mini aiki a gwiwa, likita ya ce in zauna a gida sai ya ba ni izinin fita. Ka duba mutumin da ya saba da hayaniyar kasuwa, a ce ya zauna a unguwar da daga safe har azahar ba abin da zai ji sai kukan kurciya da janareton maƙwabci. Yaran duk suna makaranta, daga ni sai Hajiya sai maigadi.

A wannan zaman ne ina latse-latsen waya na ci karo da wani bidiyo. An zuƙe iskar wani ƙaton ɗaki kaf, aka saki dunƙulen ƙarfe da gashin tsuntsu daga sama, suka sauka ƙasa tare. Na ce ƙarya ce. Ni mutum ne da ko ɗan'uwana ya ce mini yadin nan ya cika sai na sa shi a ma'auni da hannuna. Na ɗingisa na hau bene da babban kwaɗon da ake kulle gareji da shi a hannu ɗaya, lemon tsami a ɗaya hannun, na sake su. Tare suka dira. Na sa maigadi ya miƙo mini su, na sake, na kuma sakewa. Raina ya ɓaci ƙwarai, domin da an kai ni gaban alƙali da safiyar nan da na rantse mai nauyi ne zai riga sauka. Na ƙudura sai na gano inda aka yi mini wayo. Ban gano ba, ni aka kama.

Na aika wurin masu sayar da tsofaffin littattafai aka tattaro mini na fiziks, ilimin da ke bayanin yadda abubuwa ke motsi, da abin da ke tura su, da abin da ke tsayar da su. Ina buɗewa na tarar da tsohon abokin gabana zaune yana jirana, wato lissafi. Ashe ilimin nan ba ya jin wani yare sai shi. Dole na koma baya can ƙasa, na faro daga raba lamba, na shiga aljabara inda ake neman abin da ba a sani ba a sa masa harafi, na wuce lissafin kusurwoyi, har na kai ga wanda ake kira kalkulas, mai auna yadda abu ke sauyawa a kowace ƙiftawar ido. Ba ni da malami. Turancina na kasuwa ne, sai in wuni a shafi ɗaya, in kalli bidiyo, in dawo in sake kuskuren da na yi jiya. Kunya kuma ta hana ni tambayar yarana idan sun zo hutu. Amma ranar da na lissafa a takarda inda lemo zai faɗi idan ya gangaro daga kan teburi, na ajiye kofi a daidai wurin, lemon ya zo ya faɗa cikin kofin, daɗin da na ji ko ranar da na buɗe kantina na farko ban ji irinsa ba.

Abin da ban lura da shi ba shi ne yadda duk wannan yake a idon Hajiya. Ita dai abin da take gani, mijinta da gemunsa ya fara fari yana jefo kaya daga bene. Ta gan ni a tsakar gida ina wulwula bokiti cike da ruwa a saman kaina ina dariya ni kaɗai don ruwan bai zube ba. Muna cikin mota zan ce wa direba ya taka birki ba dalili, don in ga yadda carbin da ke rataye a madubi zai yi gaba. Ana cin tuwo sai in tsaya da loma a hannu ina motsa baki. Gwiwa ta warke, na koma kanti, amma ban daina ba, har bayan kwalayen shadda na cika da haruffa da zane-zane. Idan ta tambaye ni sai in ce, "Ba za ki gane ba." Daga nan na fara jin ƙamshin wani irin turare a ɗakina wanda ba na ƙamshi ba ne, ruwan shana ya fara ɗanɗanon ganye, karatun ruƙiyya kuma ya zama shi ne rediyon falo.

Wata Juma'a bayan mun ci abinci ta zauna gabana ta ce, "Alhaji, na gaya wa Baba komai. Gobe da yamma zai zo ya gan ka."

Na ce, "Komai kamar me?"

Ta ce, "Har da bokitin. In ya ce a kai ka wurin malam a yi maka karatu, don Allah kada ka yi gardama. Littattafan nan kuma a kwashe su daga gidan nan."

Baba shi ne mahaifinta. Surukina tsohon alƙali ne, yana zaune a Tudun Wada, mutum ne marar yawan magana wanda idan ya faɗi abu ba a sake tayar da shi. Shekara ashirin da wani abu ina auren 'yarsa ban taɓa haɗa ido da shi ba, ban taɓa gaishe shi a tsaye ba, balle in yi masa musu. Idan ya ce na taɓu, to na taɓu. Za a kwashe littattafan, kuma kafin sati ya zagayo labari ya gama Kwari cewa Alhaji wane kansa ya kwance.

Na ce a raina magana ba za ta fisshe ni ba, sai abin da ido zai gani. Akwai wata ƙa'ida da na yi makonni ina lissafinta har na gamsu: duk abin da aka rataye da igiya, aka ja shi gefe aka saki ba tare da an tura ba, idan ya je ya dawo ba zai taɓa wuce tsayin da aka sake shi ba. Tsayin ne ke zama gudu idan yana sauka, gudun ya koma tsayi idan yana hawa, ba a ƙara masa komai a hanya. Ke nan mutum zai iya jawo abu mai nauyi har kan hancinsa ya saki, ya tsaya cak, abin zai dawo da gudu ya tsaya dab da fuskarsa bai taɓa shi ba. Na ce wannan zan nuna wa Baba. Amma bari in gwada tukuna kafin ya iso.

Duk gidan na zagaye ban sami abin da ya dace kamar turmin Hajiya ba, wanda mahaifiyarta ta sa mata a kayan aure. Yana da nauyi, ga ƙugu siriri inda igiya za ta kama. Bayan la'asar, tana sama tana shiri, na saɗaɗa na ɗauko shi. Maigadi ya hau mangwaron da ke gaban gareji ya ɗaura igiya a wani ƙaton reshe, yana ɗaurawa yana leƙo ni.

"Alhaji, Hajiya ta san da wannan aikin kuwa?"

Na ce, "Kai dai ƙulla da kyau."

Na jingina da bangon gareji, na manna ƙeyata, na jawo turmin da hannu biyu har ya taɓa hancina. Warin daddawa da citta ya cika mini kai. Na yi bisimilla na saki. Turmi ya tafi a hankali, ya ƙara gudu, ya ratsa tsakar gida, ya hau can ɗaya gefen ya ɗan tsaya kamar mai tunani. Ban ji ƙarar ƙaramar ƙofa ba, domin Baba ba ya yarda a aika masa mota, a adaidaita sahu yake zuwa, kuma ranar ya fito da wuri. Ni dai kawai na ji murya a gefena.

"Salamu alaikum."

Wallahi na san bai kamata in motsa ba. Ƙwaƙwalwata ta sani, ta yi lissafin, ta ci jarrabawa. Amma wuyana da gwiwoyina sun riga ta shiga makaranta da shekaru masu yawa, kuma abin da aka koya musu shi ne idan suruki ya yi sallama a rusuna. Kafin in yi tunani na zame takalmi, na sunkuyo gaba, na buɗe baki na ce, "Wa alaikumus..." Turmin ne ya ƙarasa amsawa.

Da na dawo hayyacina ina zaune a ƙasa, hulata tana can ƙarƙashin mota, wani abu mai ɗumi yana gangaro mini ta gefen hanci. Maigadi ya rungume turmi yana salati. Hajiya ta sauko a guje ko mayafi ba ta gama yafawa ba, ta dube ni, ta dubi turminta yana rataye a bishiya, ta fashe da kuka.

"Baba ka gani ko? Ka gani da idonka. Yau kuma turmi ya rataye yana dukan kansa da shi."

A gaskiya ko ni ne alƙali a wurin nan da na yanke hukunci ban saurari kowa ba. Baba ya dubi goshina. Ya sa aka kawo masa kujera, aka wanke mini goshi aka manna filasta. Na durƙusa gabansa na gaishe shi yadda ya kamata, kaina yana sarawa. Sai da ya amsa gaisuwa tsaf, ya tambayi yara da kasuwa, sannan ya nuna turmin da sandarsa.

"Alhaji, mene ne wancan?"

Na yi masa bayani ina kallon ƙasa. Na faɗi tsayi da gudu, na faɗi yadda ɗaya ke komawa ɗaya. Ni kaina da nake faɗa na ji maganar ta yi kama da ta wanda ya kamata a kai wurin malam.

Ya ce, "Wato da ba ka rusuna ba, ba zai taɓa ka ba?"

"Ba zai taɓa ni ba, Baba."

"Ko kaɗan?"

"Ko kaɗan, in dai ba a tura shi ba."

Ya bi igiyar da kallo tun daga reshe har ƙasa. Can ya dogara sanda ya miƙe, ya ce, "Ni ban taɓa yanke hukunci da abin da aka ba ni labari ba alhali ga abin a gabana. Tsayar da ni a wurin."

Hajiya ta riƙe hannun rigarsa tana roƙo. Na ce, "Baba ku yi haƙuri, a ɗora kankana a kan kujera a gwada da ita. Ko a tsayar da maigadi." Na waiga, ashe maigadi ya tuna yana da aiki a bayan gida.

Baba ya ce, "Ba kankana ce ta ba ka 'yarta ba. In ka yarda da abin da ka karanta, tsayar da ni. In kuwa kana shakka, faɗa mini yanzu, ba abin kunya ba ne. Sai a kwashe littattafan mu tafi wurin malam."

Ban taɓa jin tsoro irin na lokacin nan ba. Da goshina ne, ai na riga na bayar. Amma wannan dattijo ne da ya haura tamanin, mahaifin matata, kakan yarana. Idan turmin nan ya taɓa shi ko da lakuta ce, ba littattafai kaɗai zan rasa ba. Na tsaya na sake bin lissafin a kaina, wannan karon ba don in ci jarrabawa ba. Na ce iska fa? Iska rage masa gudu za ta yi. Gogar igiya a jikin reshe fa? Ita ma ragewa take yi. In reshen ya ɗan yi lilo? Shi ma daga ƙarfin turmin zai ɗiba. Na duba ko'ina, duk abin da zai iya shiga tsakani karɓa yake yi daga turmin, ba mai ba shi. Abu biyu ne kaɗai za su iya ɓata lamarin, hannun da ya tura da kan da ya motsa. Na je na ja igiyar da dukan nauyina, ƙullin bai gusa ba.

Na ce, "To Baba, ku zo."

Na jingina shi da bango, na roƙe shi ya manna ƙeyarsa. Kafin in kai turmin kan hancinsa dole na dubi fuskarsa, kuma wannan ne karo na farko da na taɓa ganinta sosai. Ashe yana da ɗan tabo a gira. Ashe kuma idanunsa suna ƙyalli irin na yaron da aka ce yau zai hau keke.

Ya ce, "Gemuna fa? Ya ɗan fi hancin fitowa."

Na ce, "To daga gemun za mu auna. Baba, don girman Allah, ko wa ya yi sallama kada ku amsa."

Na ji ya yi wata 'yar dariya ta hanci. Ban yarda ya saki da kansa ba don kada ya tura shi bai sani ba. Na tsaya a gefe, na riƙe turmin dab da gemunsa, na buɗe tafukana kawai. Turmi ya tafi. Hajiya ta rufe fuska da mayafi. Ya hau can gefe, ya juyo, ya taho da gudun da a idona ya ninka na ɗazu. Ƙafafuna suka so su yi tsalle in tare shi, na danne su. Ya wuce tsakiya, ya fara hawa, gudunsa yana raguwa, yana raguwa, ya zo gaban fuskar Baba ya tsaya, saura abin da bai fi faɗin yatsu ba. Na ga iskarsa ta kaɗa gashin gemun. Sannan ya koma abinsa.

Na tare shi a dawowa ta biyu na rungume, na zauna a ƙasa da turmi a ƙirji. Baba bai motsa daga jikin bango ba. Ya daɗe yana kallon reshen, ya ce a hankali, "Tsarki ya tabbata ga wanda ya auna komai." Sai kuma ya dube ni ya ce, "A sake."

Sai da muka sake masa har ya gamsu sannan ya koma kujera ya kira 'yarsa.

"Ke, mijinki lafiyarsa ƙalau. Da kansa ya taɓu, da bai rusuna mini ba. Hankali ne ya fasa masa goshi." Ya juyo kaina. "Kai kuma Alhaji, watanni yarinyar nan tana zuwa wurina tana kuka, ta ɗauka mijinta yana zame mata tana kallo. Ka iya yi wa tsoho irina bayani cikin ɗan lokaci na gane. Ita me ya hana?"

Na dubi Hajiya. Idanunta sun yi ja, kuma sai a lokacin na lura ta rame. Ni ina can ina murna da lemo a cikin kofi, ita tana tashi tana roƙon Allah ya dawo mata da ni. Kunya ta kama ni, tausayinta ya cika mini zuciya. Ita ce ta fisshe ni. Ta share hawaye ta ce, "To tunda turmin ya gama karatu, a kwance mini abina, daddawar miya ban daka ba."

Ba a kwashe littattafan ba. Washegari na zaunar da ita na nuna mata gwajin lemo da kofi, ta ce ita ma a ba ta ta gwada, kuma ta fi ni saiti. Har yau ban zama komai a ilimin nan ba, ɗan koyo ne, akwai babin jujjuyawar abubuwa da ya shekara yana wahalar da ni. Baba kuwa, har Allah ya karɓi abinsa, duk sanda na je gaishe shi na durƙusa sai ya leƙa saman kaina ya ce, "Rusuna da kyau, na duba, ba turmi." Allah ya jiƙansa da rahama. Tabon goshin nan wasu a kasuwa suna ɗauka na yawan sujada ne, sai in gaya musu gaskiya, in ce na gaisuwar suruki ne.

Abin da ranar ta koya mini shi ne, karatun da na yi ni kaɗai a ɗaki bai zama nawa ba sai da na yarda na tsayar da mutumin da na fi jin nauyi a gabansa, na buɗe hannuna na saki. Ta kuma koya mini cewa duk abin da ya faranta maka rai har ya shagaltar da kai, ka fara nuna shi ga wadda kuke kwana gida ɗaya tun kafin ta fara jiƙa maka ganye a ruwan sha. Tun daga ranar ban sake ce wa Hajiya ba za ta gane ba.